Ƙanƙara Mai Launi Biyu

"Magana ɗaya nake yi, ba na yin biyu," in ji Baffa, yana fifita da hularsa. "Bayan magariba dangin tsohon mijinki Mai taya za su zo. Ki yi wanka, ki sa kayan mutunci, ki fito ki gaishe su. Mutum ya sake ki, ya dawo da ƙafarsa yana roƙon a mayar da aure, to me kuma kike nema? Da tsohuwar zuma ake magani."

Auta ba ta ɗago kai ba. Tana zaune a ƙofar kicin da mataci a kan kwano, tana danna mangwaro da bayan cokali, ruwan yana sauka, zaren yana tsayawa a sama. Zafin ranar ya kai inda ko kajin gidan sun saki baki sun kwanta a gindin famfo. Fanka na ta juyawa a falo, amma iskar da take kawowa kamar daga bakin murhu.

"Da ke nake magana."

"Na ji, Baffa."

"Kin ji, ko kin yarda?"

Inna, da ke zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta yi sauri ta shiga tsakani. "Za ta yarda, Yaya. Ka bar ni da ita."

"Barin ki da ita ne ya kawo mu nan! Ta kafe a kan mai gyaran firij, uwarsa kuwa ta aiko min har gida, wai ko gawarta ba ta yarda 'yarki ta taɓa ba, balle jikarta. A gaban mutane aka faɗa min wannan, ni da furfurata." Ya juyo ya nuna Auta da hular. "Ƙanina ya mutu ya bar min amanarki, ba zan zuba ido a mayar da ke abin takawa ba. Wallahi in ƙafarki ta taka ƙofar gidan mai gyaran firij ɗin nan, ki nemi wani uban."

Ya kifa hular a kansa ya fita. Suna jin ƙarar bencin ƙofar gida da ya ja zuwa inuwa. Nan zai zauna gadi har baƙin su iso.

Inna ta matso. "Auta, ki rufa min asiri. Ina muke da shi in ba Baffanki ba?"

"Inna, gidan nan za ki ce in koma? Gidan da uwar Mai taya ta tsaya a kan gawar ɗana ta nuna ni da yatsa, shi kuma yana tsaye bai ce uffan ba?"

"Baƙin ciki ne ya rufe musu ido."

"Ni ban yi baƙin cikin ba? Ni na haife shi fa, Inna."

Inna ta sa bakin zani ta share ido, ta koma ɗaki.

Bazara biyu ke nan da rasuwar yaron. Bai kai shekara ba. Haƙori yake fitarwa a tsakiyar zafi irin wannan, ya ƙi abinci, ya ƙi barci, komai ya samu sai ya kai baki ya gatsa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta koya wa Auta ta dama ayaba da yogot marar sukari, ta daskarar a 'yan kofuna, ta ba shi ya tsotsa ya sanyaya dasashi. Ya kuwa so abin. Da ya ji ƙarar buɗe firiza sai ya fara dukan cinyarsa yana dariya, miyau na zuba har ƙirji.

Ranar da ta ba shi ta ƙarshe ita ce ranar da ciwo ya kama shi. Likita ya ce sanƙarau ne, ba ruwan abin da ya sha. Uwar mijinta ta ce ƙarya ne, sanyi ne ya shige shi, wace uwa ce mai hankali za ta ba jariri ƙanƙara? Unguwa ta ɗauki maganar tsohuwar ta bar ta likita, don ta fi daɗin faɗa a bakin famfo. Tun daga nan sunan Auta ya koma Mai ƙanƙara, kuma ba don yabon sana'a ake faɗa ba.

Ita kuwa akwai abin da take gani in ta rufe ido, wanda ba ta taɓa faɗa wa likitan ko tsohuwar ba. A makon an yi doguwar ɗauke wuta tana gidan Inna. Da ta koma ta tarar an kawo, komai ya daskare kamar yadda ta bari. Sai dai mariƙin kofin da ta zaro ya karkace gefe guda. Ta gani da idonta, ta ce ƙila haka ta saka shi. Har yau ba ta sani ba ko abin ya narke ne ya lalace cikin zafi ya sake daskarewa, ko kuwa hannunta ne ya karkata ranar da ta zuba. Ba wanda zai iya gaya mata. In firizar gidan nan ta tsaya da gurnani, ko tana tsakiyar sallah sai gabanta ya faɗi, ta ji kamar an buga 'yar cinya a bayanta.

Wata da tuni ta zubar da kofunan ta huta. Auta ta kasa. Bayan sakin, da zafi ya dawo ta ji 'yar maƙwabta tana kukan haƙori, sai kawai ta tsinci kanta tana tafasa cokali.

Amma ta canja yadda take yi. Yanzu hawa biyu take zubawa. Ta murje ayaba nunanniya da yogot ta cika rabin kofi, ba sukari, ba zuma, don zuma ba ta wanda bai kai shekara ba ce. Sai wannan farin ya kama, sannan ta ɗora ruwan mangwaron da ta tace, ta rufe da murfi mai faffaɗan mariƙi irin wanda ɗan hannu zai iya damƙa. In ya daskare sai ka ga fari a ƙasa, rawaya a sama, da layi tsaf a tsakani. Duk wadda ta karɓa sai ta ji gargaɗi guda har ta gaji: in layin nan ya ɓace, launin ya cuɗe, to ya narke ya sake kamawa, a zubar, ko akuya kada a ba.

Abin dariya, matan da ke kiranta Mai ƙanƙara da rana, su ne ke lallaɓowa da kula a ƙarƙashin mayafi in 'ya'yansu sun hana su sakat. Su karɓa su ce, "Don Allah kar ki ce na zo." Ita kuma ta ce to.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɓoye kularsa ba. Unguwa na ce masa Injiniya, ko da yake digirinsa bai wuce sukundireba da tukunyar gas ba. Matarsa ta rasu wajen haihuwa ta bar masa 'yar mitsitsiyar yarinya, wadda saboda ƙanƙantarta yake kira Ɗigo. Ya zo gyaran firizar Auta ne ya ga kofunan, ya tambaya, ya tafi da biyu. Daga nan firizar ta koma lalacewa a bakinsa duk mako, alhali lafiyarta ƙalau.

Tana rufe kofi na ƙarshe ta ji tsayuwar babur ɗinsa a lungun baya. Ba ta ƙofar gida ya biyo ba, ya san wanda ke kan benci. Ta ɗauki mayafi ta zare sakatar 'yar ƙofar da ake fitar da shara.

Yana tsaye da kayan aiki, wuyan rigarsa jiƙe da gumi, idonsa ja. Bai yi barci ba, ita ma haka, don haka ba wanda ya tambayi wani yadda ya kwana.

"An gaya min yau za su zo," ya ce.

"An gaya maka daidai."

"Kuma za ki fito musu?"

"To ya kake so in yi, Injiniya? Hajiyarka ta ce ba ta so na. Baffa ya rantse. Inna kullum cikin kuka. Ni kaɗai ce zan ja da mutum uku?"

"Mu biyu ne."

"Kai ɗan Hajiya ne kafin ka zama na kowa. Kar ka saɓa mata saboda ni, ba zan ɗauki wannan a kan wanda nake ɗauke da shi ba." Hawayen da ta riƙe a gaban Baffa suka balle. "Ka nemi wadda ba a raɗa mata suna ba. Ɗigo marainiya ce, ba ta buƙatar matar uba da duk tarin da ta yi za a juyo a kalle ta."

"Ɗigo ba ta san sunan da aka raɗa miki ba. Abin hannunki ta sani. Tun da zafin nan ya kama, in ban da madara ba abin da ke shiga cikinta sai shi. Hajiya da kanta take ba ta, tana cewa Allah ya yi wa kamfanin nan albarka."

"Ai ƙaryar da ka yi mata cewa na kanti ne, ita ta ƙara ɓata komai. Na ce ka faɗa mata gaskiya tun farko."

Ya sunkuyar da kai. "Na san na yi kuskure. Na ce bari yarinyar ta murmure tukuna, in nuna mata, in ce ga aikin wadda kike ƙi. Ban san maƙwabciyarmu za ta shigo jiya ta ga launin ta gane ba. Hajiya ko mayafi ba ta cire ba, ta kwashe su kaf daga firiza ta watsa a roba ta kai waje. Ta ce da safe a kai bola. Abin da ta faɗa min kuwa, ba zan maimaita miki ba."

"Ba sai ka maimaita ba. Na haddace shi tun a wancan gidan."

"Auta, ki dube ni."

Ta ƙi. Tana kallon takalminsa da man inji ya ɓata.

"Ki dube ni, don Allah. Kin san inda za a mayar da ke. Mutumin da bai iya buɗe baki ya kare ki ranar da kika fi kowa buƙata ba, yau ne zai iya? Ɗakin nan za ki koma, gadon nan, inda yaron ya yi rarrafe. Za ki iya kwana a ciki?"

Ta toshe baki da mayafi don kada Baffa ya jiyo. Kafaɗunta na girgiza. "Ko nan ɗin ba kwana nake ba. Kullum ina jin sa. Jiya da na buɗe firiza sai da na juya na ce masa ya yi haƙuri, ga shi nan zuwa. Da baki na faɗa, Injiniya, Inna tana ji. Ka ga matar da kake son kai wa 'yarka?"

"Na gani. Ita nake so."

"Kai ma ba ka da lafiya."

"To sai a haɗa mu ɗaki ɗaya a asibiti."

Duk da kukan sai da ta yi guntun murmushi. Ganin haka ya matso kaɗan, ya sassauta murya, fuskarsa ta ɗan washe.

"Saurara ki ji abin da ya sa na zo. Hajiya ta fara saukowa. Ɗigo ta kwana tana tsala ihu, an ba ta madara ta ture, an ba ta ruwa ta fesar, Hajiya ta goya ta har ƙafarta ta kumbura. To ɗazu ƙanwata ta kira ni daga wajen aikinta tana dariya. Wai da za ta fita da sassafe ta hango Hajiya tana sanɗa, ta ɗauko robar nan ta mayar da kofunan firiza ɗaya bayan ɗaya, tana waige-waige kada a gan ta. Kin ji? Da hannunta! Matar da ta ce ko inuwarki ba ta so. Ki ba ni ɗan lokaci kawai, kada ki amsa wa mutanen nan yau. Wallahi ta kusa..."

Ya tsaya, don ya ga fuskarta ta canja. Hawayen ma sun tsaya cak.

"A ina suka kwana?"

"Su wa?"

"Kofunan. A ina suka kwana?"

"A waje mana, gindin famfo, cikin..." Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Mutumin da ya shekara yana gaya wa masu shago su zubar da kifin da ya narke, sai yanzu ya ji abin da ya faɗa da kunnensa. Murna ce ta toshe masa kai tun ɗazu.

"Yogot ne da ayaba," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "A wannan zafin. Tun jiya da yamma har gari ya waye. Ka gaya mata maganar layin?"

"Ta yaya zan gaya mata, na ce mata na kanti ne? Ni nake dubawa kullum kafin in fita."

"Kira ta!"

Ya zaro waya ya danna lambar Hajiya. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake, ta sake katsewa. "Tun jiya ba ta ɗaukar kirana. Fushi take."

"Yaushe take ba ta?"

"In ta tashi daga barcin rana. Wajen la'asar."

Daga masallacin bakin titi aka buɗe lasifika, ladan ya gyara murya.

Auta ba ta san lokacin da ta haye bayan babur ɗin ba. Ko takalmin kirki babu a ƙafarta, silifas ɗin wanki ne. Hanya mafi kusa zuwa gidan su Injiniya kuwa sai ta gaban gidan. Baffa ya miƙe daga benci da buta a hannu, ya ga 'yar ƙaninsa a bayan namijin da ya hana ta, rana tsaka, a gaban maƙwabta.

"Auta! Ke Auta! In kika wuce kwanar nan..."

Ta ji shi sarai. Ta runtse ido ta ce wa Injiniya, "Kar ka tsaya."

Titi ya yi fayau saboda rana, kwalta na tiriri. Suka wuce masu facin taya, suka wuce kantin magani, suka wuce layin masu sayar da ruwan sanyi da ke kwance a ƙarƙashin rumfa. Ita ba ta ganin ko ɗaya. Mariƙi karkatacce take gani, da ɗan hannu yana miƙowa. A bakinta ba abin da ke fita sai "Ya Allah, ba biyu ba. Ya Allah, kar ka sa su zama biyu."

Kafin ya gama tsayar da babur ɗin ta dire. Ƙofar gidan da aka yi mata rantsuwa a kanta, ta tura ta da kafaɗa ta shiga ba sallama.

Hajiya na zaune a baranda a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, Ɗigo a cinyarta daga ita sai kamfai, ƙurajen zafi sun cika mata wuya. Yarinyar ta damƙi mariƙin da hannu biyu, Hajiya na tallafe mata, abin ya kusa kai wa baki. Babu fari, babu rawaya. Launi ɗaya ne duk jikinsa, dusashe, da ɗan ruwa-ruwa daskare a gefe.

Auta ta yi tsalle ɗaya ta fisge shi ta yi jifa da shi. Ya daki katanga ya tarwatse.

Ɗigo ta kalli hannunta wayam, ta ja numfashi, ta callara ƙara.

"Innalillahi!" Hajiya ta rungume jikarta ta ja baya. "Wace mahaukaciya ce wannan? Ke! Ke ce? Har cikin gidana? Kin kashe naki bai ishe ki ba, kin biyo ta marainiya?"

"Hajiya, ki saurare ta," in ji Injiniya daga bakin ƙofa, yana haki.

"Rufe min baki, shashasha! Kai ka kawo min ita? To ka zaɓa yau, ko ni ko ita!"

Auta ta zube a kan gwiwoyinta a simintin da ke ƙuna. "Hajiya, ki zage ni, ki dake ni in kin so, na yarda. Na shigo miki gida ba izini, na fisge abu a hannunki, ban kyauta ba. Amma wannan ya lalace. Ya kwana a waje cikin zafi, ya yi tsami, sanyi ne kawai ya ɓoye warinsa. Ba ki ga launin ya cuɗe ba? Da can fari ne da rawaya."

"Ƙarya kike! Ƙanƙara na lalacewa ne?"

"Madara ce a ciki, Hajiya. In kika bar madara a waje tun jiya, za ki ba ta?"

Hajiya ta juya. Ta dubi ɗanta.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce. "Laifina ne, da na gaya miki tun farko da kin sani."

Ya shige kicin da sauri ya fito da sauran kofunan a hannu. Ya buɗe ɗaya, ya murza kaɗan a yatsa har ya narke, ya miƙa mata. Ta kawar da kai, sannan ta juyo a hankali ta sansana. Fuskarta ta yamutse.

Ba ta ƙara zagi ba. Ta zauna tana jijjiga Ɗigo. Idonta na kan kofunan da ke hannun ɗanta, leɓenta na motsi kamar mai lissafi.

"Alhamdulillahi tun da mun riske ta," in ji Injiniya, yana share goshi. "Ko lasa ba ta yi ba, ko?"

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Hajiya?"

"Ta farka da azahar tana kuka," ta ce, da wata 'yar siririyar murya da Auta ba ta taɓa zaton tana da ita ba. "Na duba na ga sun kama. Na ce marainiya ce, ba ta ci komai ba tun jiya... Ta shanye tas. Har tana min dariya. Wannan da kika jefar na biyu ne."

Kofunan suka zube daga hannun Injiniya suka gangara tsakar gida.

Auta ta dafa siminti da tafin hannu, ba ta ma ji zafinsa ba. Ta ɗago ta dubi Injiniya.

"Je ka samo mota, kada mu jira sai ta fara. Ka biya kantin magani ka karɓo gishirin nan na zawo. Yi sauri."

Ya fita a guje. Suka ji babur ya tashi, ƙararsa ta yi nisa, gidan ya rage daga su sai kukan yarinya.

"Da hannuna," in ji Hajiya. Hawaye na bin tamojin fuskarta, ba ta share ba. "Uwarta ta mutu ta bar min ita, ni kuma da hannuna na ɗura mata. In wani abu ya same ta me zan ce wa ubanta? Me mutane za su ce da ni?"

Auta ta san abin da za su ce, kalma bayan kalma. Ta san yadda za a yi shiru in ta shigo gidan suna, da yadda uwa za ta janye ɗanta daga kusa da ita tana murmushi. Ta dubi tsohuwar da ta ce ko gawarta kada ta taɓa, ta nemi haushin da ta zo da shi ta rasa. Tausayi ne ya cika ta har wuya.

"Ba ke za su ce ba, Hajiya. Ni na yi abin, kowa ya san launinsa. Suna da wadda za su kira, ba sai sun nemi sabuwa ba."

Hajiya ta ɗago ta zuba mata ido, ta daɗe tana kallonta. Sai ta miƙo Ɗigo.

"Karɓe ta. Hannuna ba ya riƙo."

Auta ta yi baya kamar an nuna mata wuta. Tun ranar da aka karɓi ɗanta daga hannunta ba ta ƙara ɗaukar ɗan kowa ba, ba kuma wanda ya miƙo mata. Ko Ɗigo daga nesa take ganinta a shagon ubanta. Amma hannun tsohuwar na saki, dole ta tara.

Nauyin ya sauka a ƙirjinta, ɗumi, da ƙanshin madara da gumi. Ta sa bayan hannu a goshin yarinyar, ta taɓa cikin, ta leƙa idon. Ba zazzaɓi tukuna. Ɗigo ta yi ajiyar zuciya, ta cusa fuska a wuyanta, ta kama bakin mayafin tana gatsa.

Wayar da ke ɗaure a gefen zanin Auta ta fara ƙara. Ba sai ta duba ba. Ta ƙare, ta sake farawa.

"Gidanku ne?" in ji Hajiya.

"Baffa ne. Baƙi za su zo bayan magariba, a kan maganar komawata gidan tsohon mijina. Ya ce in ban..." Ta kwance wayar da hannu ɗaya, ta kashe ta, ta ajiye a kan tabarma.

Hajiya ta kai hannu ta damƙi gefen zaninta, damƙa ta gaske. "Kada ki tafi. Don girman Allah kada ki bar ni da ita ni kaɗai. Ke kin san yadda abin yake zuwa, ni ban sani ba."

"Ina nan, Hajiya."

Can Hajiya ta matso har kafaɗarta na gogar ta Auta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada yarinyar ta ji.

"Naki... da ya sha, yaushe ya fara?"

Bazara biyu, ba wanda ya taɓa tambayarta yadda aka yi. Kowa da amsarsa yake zuwa. Ta ƙara matse Ɗigo a ƙirji, ta ji 'yar zuciyar na bugawa a jikin tata.

"Lafiya lau ya wuni, yana wasa," ta ce. "Sai da rana ta faɗi."

Su biyun suka ɗaga kai a tare. Rana ta riga ta bar tsakar gida, saura ɗan abin da ya rage a saman katanga.